Baba ya ƙi a yi masa tiyatar kunne, ya ce tawakkali ya fi

Tambaya: Malam, daga Kumo nake. Kunnen mahaifina ya daɗe yana zubar da mugunya, daga baya jini ya fara biyo ta. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe aka yanki ɗan nama aka gwada, aka ce sankarar fatar ramin kunne ce. Hoto ya nuna ba ta ci ƙashi sosai ba. Likitoci sun ce a yi tiyata, wataƙila a bi da gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura. Baba ya ce tawakkali zai yi. Ya halatta mu matsa masa?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Ɗana, hukuncin yana cikin maganarka cewa ba ta yi nisa ba. Wannan cuta ba kasafai ake samunta ba, kuma tana shigowa da rigar ciwon kunne na yau da kullum, shi ya sa akan gano ta a makare. Ku an gano muku da sauran dama. In aka bar ta, takan ci ƙashi, ta kama jijiyar fuska har baki ya karkace, ta nufi ƙwaƙwalwa.

Halaccin cire abin da ya ruɓe ba a saɓa a kansa ba. Saɓanin yana ga masu cewa barin magani ya fi, suna kafa hujja da hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zo wa Annabi (SAW), ta zaɓi haƙuri. Ita ba a gabatar mata da maganin da aka san yana aiki ta ƙi ba, addu'a ta nema. Malaman da suka fifita bari sun yi magana ne a zamanin da galibin magani zato ne. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta zartar cewa magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa gaɓa. Halin Baba ke nan.

Amma wajibin a kansa yake. Mai hankali ba a kai shi ɗakin tiyata sai da yardarsa, kuma kada ku yaudare shi. Ina zaton tsoro ne ya sa masa sunan tawakkali, don ya ji ana cewa ciwon daji ba ya son wuƙa. Ku nemo amininsa ko limaminsa su zauna da likita a gabansa, a faɗa masa gaskiya, har da cewa jin wannan kunnen zai iya raguwa. Ku daina ɗiga masa man gargajiya a ciki.

Alwala kuwa kada ta dame shi: shafar kunne sunna ce, a wanka kuma ya shafa bisa bandeji. Wallahu a'alamu.