Ganyen 'Yan Vodun da Tsutsar Ciki

Ka tambaye ni, ɗana, ko ganyen da masu addinin Vodun, addinin gargajiya na Jamhuriyar Benin, suke sayarwa a kasuwar Dantokpa ta Kwatano yana kashe tsutsar ciki da gaske, ko kuwa tsafin da ke tare da shi ne yake aiki. Wasu ganyayen suna aiki. Bokansu yana yanka kaza, yana kiran sunayen abin bautarsa, wannan tsakaninsa da addininsa ne, ba ruwanmu. Amma abin da Allah Ya sa a cikin ganye yana nan, ko wa ya tsinko shi.

Daga gaɓar Benin, musamman Ouidah, aka kwashi bayi zuwa Haiti, suka tafi da addinin da sanin itatuwa. A Haiti babban maganinsu na tsutsa wani ɗan tsiro ne da suke kira simen kontra, asalinsa na nahiyar Amurka. Murza ganyensa tsakanin yatsunka, warinsa mai kaifi zai bugi hancinka kamar kananzir. Sukan dafa shi a sha da sassafe kafin a karya, sannan a bi da man zurma. Sinadarin da ke ciki, askaridol, yana kashe wa macijin ciki jiki, man zurma kuma ya koro shi waje. Likitocin Turawa ma sun yi amfani da man wannan tsiro a farkon ƙarni na 20, suka daina saboda ya kashe yara. Tsakanin abin da zai kashe tsutsa da abin da zai illata hanta da ƙoda tazarar kaɗan ce. Amai, jiri, kurumta, jijjiga, duk yana kawo su idan ya yi yawa. Man da aka tatso daga gare shi kada ya shigo rumfata. Ganyen ma ban yarda ka ba mai juna biyu ko ƙaramin yaro ba, ko uwar tana kuka tana roƙonka.

Wanda hankalina ya fi kwanciya da shi 'ya'yan gwanda ne. A wani bincike da aka buga a 2007, likitoci a Najeriya sun ba yara 30 busassun 'ya'yan gwanda da zuma, bayan kwana bakwai 23 ba a ga komai a kashinsu ba. Cikin 30 da suka sha zuma kaɗai, 5 ne suka warke. Yaran ba su da yawa, amma ya isa a girmama maganin. 'Ya'yan kabewa kuma na tsila ne, sai dai idan kan tsilar bai fito ba, za ta sake tofowa.

Ga inda muke da rauni, mu masu maganin gargajiya da su 'yan Vodun: ba mu ganin ƙwan tsutsa da ido, kuma ganyen damina da na rani ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Idan aka kawo maka yaro mai kumburin ciki, tafin hannunsa fari fat, tsutsa ce take shan jininsa, tura shi asibiti a gwada kashinsa. Ƙwayar albendazol ɗaya, mai miligiram 400, tana gamawa da macijin ciki ga wanda ya kai shekara biyu, kuma da araha. Ka gaya wa uwar ta sa masa takalmi, ta yanke masa farce, ta wanke masa hannu da sabulu kafin cin abinci, in ba haka ba cikin 'yan watanni tsutsar za ta dawo.