Gasar Dakar: Suna a Senegal, tsere a Saudiyya

Tambaya: Na ga ana nuna tseren babura da motoci da manyan motoci a cikin rairayin Saudiyya, amma ana kiransa gasar Dakar. Mene ne haɗin Dakar da Saudiyya? Kuma shin wanda ya fi kowa gudu ne yake lashewa?

Amsa: Malam, sunan nan gado ne. A shekarar 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata a cikin hamada bisa babur ɗinsa yayin wani tsere daga Abidjan zuwa Nice, kuma bayan an ceto shi sai ya ƙudurta shirya gasar da za ta keta Sahara. Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Aljeriya, suka biyo ta Agadas a Nijar, suka shiga Mali, amma 74 kaɗai suka isa Dakar, babban birnin Senegal, inda tseren ya ƙare, kuma daga nan gasar ta samo sunanta. An ci gaba da gasar a Afirka har 2008, lokacin da aka soke ta saboda barazanar tsaro a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 an yi ta a Kudancin Amurka, sannan ta koma Saudiyya a 2020 da sunanta na asali.

Game da gudu kuwa, shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, domin babu kwalta, babu alamar gefen hanya. Ana raba tafiyar ta kimanin mako biyu zango-zango, a riƙa tara lokacin da kowa ya ɗauka, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne zakara. Kowane ɗan tsere yana bin littafin hanya mai ɗauke da zane-zane da nisa da kusurwar da zai fuskanta, kuma duk wanda ya tsallake wurin da aka wajabta bi, ƙara masa lokaci ake yi a matsayin tara. Direban mota yana da mai karanta masa hanya a gefe, babbar mota tana ɗaukar mutum uku har da makanike, amma mai babur shi ne direba, shi ne ɗan jagora, yana tsaye bisa matakai yana duba littafi alhali tudun rairayi na gabansa. A ganina babu wanda ya kai shi shan wuya. Kafin hawan tuddai ana rage iskar taya don ta baje bisa yashi, in kuwa mota ta kafe, sai a sauko da shebur a yi ta haƙa a cikin rana.

Saboda haka ne ƙwarewa take rinjayar ƙuruciya a wannan fage. Stéphane Peterhansel na Faransa ya lashe gasar sau 14, shida bisa babur, takwas a mota, Bajamushiya Jutta Kleinschmidt ta ci rukunin motoci a 2001, shi kuma Yazeed Al-Rajhi ya zama ɗan Saudiyya na farko da ya ci wannan rukuni a 2025.

Bai kamata a ɓoye asarar rayukan da gasar ta jawo ba. Sabine kansa ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986, 'yan tsere da dama sun mutu, kuma a zamanin da ake ratsa ƙauyukan Afirka motoci sun kaɗe mutanen gari, har da yara, waɗanda ba su shiga gasar kowa ba.