Ƙafafuna na mutuwa in na tsaya: ko gyaran baya da hannu zai raba ni da tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 64, tsohon malamin firamare ne ni. Shekara biyu ke nan ƙuguna na ciwo. Daga gida zuwa masallaci kaɗai sai ƙafafuna su yi nauyi, in ji kamar tururuwa na bi na. In na zauna ko na yi ruku'u sai abin ya lafa. An yi mini hoton MRI, likita ya ce hanyar jijiya ce ta tsuke a ƙashin baya. Ɗana da ke Ingila ya ce akwai masu gyaran baya da hannu, wai kairofirakta. Za su warkar da ni ba tare da wuƙa ba? Daga wani dattijo a Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar ruku'un nan da kuka yi ita ta fi ɗaukar hankalina, don kusan duk mai wannan ciwo da ya zo wurinmu a sashen gashi haka yake faɗa. Ƙasusuwa 5 ne a ƙugu, jere kamar zobba, jijiyoyin da suka sauko daga laka zuwa ƙafa suna bi ta raminsu. Da girma ya zo, faifan da ke tsakaninsu kan bushe, gaɓoɓi su yi kauri, ramin ya matse, galibi tsakanin ƙashi na 4 da na 5. Tsayuwa cak na ƙara matse shi, sunkuyawa na buɗe shi kaɗan. Na taɓa duba wani dattijo mai sayar da goro da ba ya iya taka ƙafa zuwa bakin titi, amma a kan keke sai ya je kasuwa ya dawo lafiya lau.

Kairofiraktik sana'a ce da Daniel David Palmer ya kafa a Amurka a 1895. Suna danna gaɓoɓin baya, su ja, wani lokaci har a ji ƙas. Zan gaya muku gaskiya, Baba: hannu ba ya faɗaɗa ramin ƙashi. Abin da yake yi shi ne sassauta taurin baya da rage zafi. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 kan mutum 259 masu irin ciwonku, waɗanda aka haɗa wa aikin hannu da motsa jiki sun fi sauran samun sauƙi bayan wata 2, amma zuwa wata 6 bambancin ya ɓace. Sauƙi ne, ba warkewa ba, kuma da motsa jiki ake samunsa.

Ba sai kun je Ingila ba. Likitocin gashi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna yin aikin hannu. Ku tafi da hoton naku. Kafin nan, in kun kwanta rigingine ku jawo gwiwoyi zuwa ƙirji a hankali, safe da yamma. Tafiya kuma ku yanka ta guntu-guntu, kuna hutawa kafin ƙafar ta mutu. In tsayuwar salla ta gagara, addini ya yarda a zauna.

Abin da ke ci mini rai shi ne ganin dattawa ana sa jika ya hau bayansu da ƙafa, ko mai ɗori ya murɗa ƙugun da ba a san abin da ke cikinsa ba. Tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma muna ganinsa a nan. Mai rama, zazzaɓi da ciwon baya cikin dare, kada kowa ya taɓa shi sai likita ya duba. Maganin ciwon nan na kemis, diclofenac, shi ma ku rage, yana cin ciki da ƙoda.

In kuwa kuka ga fitsari ko bayan gida na kufce muku, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa, a ranar za a kai ku asibiti, ko da dare ne. Wannan kam aikin likitan tiyata ne.