Ko ya dace in haɗa karatuna da Hindi da Urdu?

Ƙanwata, kin tambaya ko ki ɗauki Hindi da Urdu a matsayin ƙaramin fanni a jami'a, tunda kina tsoron harsuna biyu za su yi miki yawa. Ni dai shawarata ki ɗauka.

A bakin masu Hindi a Delhi da masu Urdu a Lahore, maganar kasuwa da ta gida kusan ɗaya ce, nahawun ma ɗaya. A rubutu suke rabuwa. Hindi da baƙaƙen Devanagari ake rubuta shi, daga hagu zuwa dama, manyan kalmominsa daga Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Urdu kuwa, harshen ƙasa na Pakistan, daga dama yake farawa da salon Nastaliƙ, ya sha Farisanci da Larabci sosai. In kin yi allo kin iya ajami, kin riga kin rage hanya, sai dai ba a cika sa wasali ba, kuma layin a karkace yake gangarowa.

Inda za ki sha wuya shi ne furuci: akwai "t" da "d" na naɗe harshe, akwai masu fitowa da hucin iska, kuma aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa.

Kallon fina-finan Indiya zai gyara miki kunne, amma ba zai kai ki ga waƙoƙin Mirza Ghalib, shahararren mawaƙin Urdu, ko tarihin rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ba. Wannan sai a aji, gaban malami.