Na goge bayanai amma diski bai ragu ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutar wani shagon sarin magani a nan Garuwa, manhajar adana bayanai ta PostgreSQL muke amfani da ita. Satin da ya wuce na goge bayanan ciniki na shekara 3, kusan rabin teburin da ake ajiye su, amma diskin nan ko gezau, yana nan cike, maigida kuma ya ce babu kuɗin sabo yanzu. Don Allah ina na yi kuskure?
Hamadu, Garuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hamadu. Kwantar da hankalinka, ba ka yi kuskure ba, haka PostgreSQL yake. In ka goge layi ko ka canza shi ba ya cire tsohon nan take, barinsa yake yi a wurin matacce don wataƙila wani na tsakiyar karanta shi. VACUUM, wato aikin sharar matattun layuka, shi ke zuwa daga baya ya share, shi ma kuma yawanci ba ya mayar wa diski da wurin, ajiyewa yake don sabbin bayanai, kamar rumbun da aka kwashe dawar bara, girmansa na nan amma akwai inda za a zuba ta bana.

Abin da ya fi damuna shi ne saitin autovacuum, wato VACUUM da ke tashi da kansa, mutanenmu da yawa ba sa taɓa shi. Yadda ya zo, autovacuum_vacuum_scale_factor yana kan 0.2, wato sai matattun layuka sun kai kashi 20 cikin 100 na teburin kafin ya motsa, to in teburinka layi miliyan 5 ne ka ga sai miliyan 1 sun taru, wallahi ya yi yawa. Saukar da shi zuwa 0.02 a kan babban teburin kaɗai da umarnin ALTER TABLE, ƙananan ka ƙyale su. maintenance_work_mem kuma, wato yawan RAM da VACUUM zai yi aiki da shi, 64MB yake zuwa, in injin na da RAM kai shi 256MB. Ka kuma leƙa pg_stat_activity, inda ake ganin ayyukan da ke gudana, in wani ya buɗe aiki tun safe bai rufe ba, VACUUM ba zai iya share abin da aka goge bayan nan ba.

In dole sai wurin ya dawo, VACUUM FULL ne, amma yana kulle teburin gaba ɗaya kuma sabon kwafi yake rubutawa, don haka yana buƙatar fili a diskin da ka ce ya cika. Fara kwashe wasu fayiloli zuwa wani wuri, ka ajiye kwafin bayananka, ka yi shi da dare bayan an rufe shago, batirin injin a cike saboda ɗaukewar wuta.