Tambaya da Amsa: Kwamfutar da ke Hana Jif Kwanciya a Kwana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon Bentley Bentayga tana shan kwana a guje, ko karkacewa ba ta yi ba, alhali jif ɗin yayana ko a shataletale sai ta kwanta gefe. Wai da gaske kwamfuta ce ke riƙe ta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Da gaske ne. Bentayga da aka fito da ita a 2015 ta haura tan biyu, ga tsawo, kuma tana iya gudun kilomita 301 a awa. Mota irin wannan nauyinta a sama yake, shi ya sa kwana ke rinjayarta.

Maganin da aka saba da shi wata sandar ƙarfe ce da ke haɗa tayar hagu da ta dama ta ƙarƙashi. In an yi ta da tauri, motar za ta tsaya ƙyam a kwana, amma kowane rami sai ka ji shi a ƙugunka. In an yi ta da laushi, ka huta da jijjiga, sai kwanciya ta dawo. Injiniyoyi sun daɗe a tsakanin gaba kura baya sayaki.

Dabarar Bentley ita ce raba sandar gida biyu, a dasa injin lantarki a tsakiya. Ƙananan na'urorin awo da ake kira sensoji na auna murɗa sitiyari, da gudu, da yadda jikin motar ke rinjaya. Da ka shiga kwana, kwamfuta za ta sa injin ya murɗe sandar, ya tokare ɓangaren da ke son duƙawa, cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Da hanya ta miƙe, sai ya sassauta, kowace taya ta bi raminta ita kaɗai. Wutar bolt 12 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki) ta batirin mota ba ta isa wannan aikin ba, dole aka ƙara layin bolt 48. A ganina wannan ce dabara mafi kyau da aka yi wa manyan motoci a shekarun nan.

'Yar uwarta Lamborghini Urus har tayoyin baya take juyawa kaɗan: a tafiyar sannu su saɓa wa na gaba don kwana ta yi sauƙi, a guje kuma su bi su don motar ta natsu.

Abin da ke damuna shi ne, kwanciyar nan da jif ɗin yayanka ke yi gargaɗi ce ga direba. In kwamfuta ta ɓoye ta, nauyin yana nan, kuma faɗin da kowace taya ke taɓa kwalta bai fi tafin hannu da yawa ba. Kar a yi wa irin wannan mota rowar taya.

Tambaya: Zan iya gano matsalar jif ɗina da wayata? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, za ki iya, amma da iyaka. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai suna OBD-II, wanda Amurka ta wajabta tun 1996. Ki sayi ƙaramar na'urar Bluetooth irin ELM327, ki soka ta a soket ɗin, ki haɗa ta da manhajar Torque a wayarki. Yawanci laifin inji kawai take karantawa. In balon iska da ke ɗauke da nauyin wasu motoci a ƙafa ne ya sace, sai bakanike mai babbar na'ura. Kuma kar ki goge lambar laifin da manhajar ta nuna kafin ya gani.