Haraji, tallafi da fasfon Amurka: amsa ga ƙanina mai shirin zuwa karatu

Ƙanina, assalamu alaikum.

Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin jami'ar ta ba ka gurbin digiri na biyu. Allah ya sanya albarka, ya sauƙaƙa biza, don ka san yadda aka tsaurara ta a kan 'yan ƙasashenmu. Ka ce wani abokinka da ya taɓa zama a nan ya gaya maka abu uku: wai ba a ba mai ƙaramin samu takardar zama ɗan ƙasa, wai idan matarka ta haihu a kan tallafin gwamnati kun rufe wa kanku ƙofa har abada, sannan wai ɗalibi ba ruwansa da haraji tunda ba wani abin kirki yake samu ba. Na farko ba gaskiya ba ne. Na biyu yana da ƙamshin gaskiya, amma an ajiye shi a inda ba wurinsa ba. Na ukun shi ne zai iya cutar da kai, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Ka fara sanin cewa ƙofofin uku ne, kowace da mai gadinta: bizar karatu, sai katin zama na dindindin da muke kira girin kad, sai zama ɗan ƙasa. Shekarun da za ka yi kana ɗalibi ba sa shiga lissafin ƙofa ta uku. Ana fara ƙirge daga ranar da ka samu girin kad, shekara 5, ko shekara 3 ga wanda ke zaune da matarsa ko mijinta ɗan ƙasa. Daga nan ne ake cike fom ɗin N-400 a miƙa wa hukumar shige da fice ta USCIS. Yawancin ruɗanin da kake ji a majalisa ya samo asali ne daga ɗaukar dokar wata ƙofa a liƙa wa wata.

A ƙofar zama ɗan ƙasa babu wani adadin albashi da aka ce sai ka kai. Ana duba tsawon zamanka, Turancinka, jarrabawar tarihi da tsarin mulki, da kuma abin da doka ta kira kyakkyawan hali. Dubi ma yadda suka tsara kuɗin nema. Tun daga 1 ga Afrilun 2024, dala 760 ne idan ka aika a takarda, 710 ta intanet. Wanda samun gidansa bai wuce ninki huɗu na ma'aunin talaucin gwamnatin tarayya ba yana iya biyan 380. Wanda bai wuce kashi 150 cikin 100 na ma'aunin ba, ko yake karɓar tallafi irin su inshorar lafiyar gwamnati ta Medicaid ko katin abinci na SNAP, yana iya cike fom I-912 a yafe masa gaba ɗaya. Wato takardar shaidar tallafin nan da abokinka yake tsoro, ita ce ake haɗawa a aika don neman yafiya. Akwai dattijai a masallacinmu na nan unguwar Bronx a birnin New York da suka yi rantsuwar zama 'yan ƙasa ta wannan hanya, ba su biya ko sisi ba.

Inda tallafi yake da haƙora shi ne ƙofa ta biyu. Akwai tsohuwar doka da ta ce kada a ba da girin kad, ko bizar zama, ga wanda ake ganin zai zama nauyi a kan gwamnati. Fassarar wannan doka kuwa tana sauyawa da sauyin mai mulki. A 2019 an faɗaɗa ta har ta haɗa da katin abinci da Medicaid da tallafin gida. A 2021 aka daina aiki da wannan fassarar. A ƙarshen 2022 aka fito da wata da ta taƙaita a kan tallafin tsabar kuɗi da doguwar jinya a kan aljihun gwamnati. Abin da ya sauya sau uku cikin shekara huɗu, kar ka ɗora rayuwarka a kan abin da wani ya gaya maka bara. Ranar da za ka nemi girin kad, ka tambayi lauyan shige da fice abin da ake ciki a ranar. Ka kuma sani, idan ɗan'uwa ko mata ce ta nema wa mutum, sai ta sa hannu a fom I-864, ta nuna samunta ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci, kuma da takardun harajinta za ta nuna. Na ga mutanen da suka yi shekaru suna rage samunsu a takarda don kada su biya haraji, da suka tashi ɗauko matansu daga gida sai takardar da suka rubuta da hannunsu ta ce ba za su iya riƙe iyali ba.

Kai da za ka zo da bizar karatu, yawancin tallafin tarayya ma ba naka ba ne. Ko mai girin kad, dokar 1996 ta sa yawanci sai ya jira shekara 5. Za ka shigo ne bayan ka nuna wa jami'a da ofishin jakadanci cewa kana da kuɗin riƙe kanka da iyalinka, don haka idan amarya za ta biyo ka, ka saya mata inshorar lafiya tun kafin ciki ya zo, ka kuma karanta ka tabbatar ta haɗa da haihuwa. Yana da tsada, na sani. Amma ranar da za ku je sabunta biza, jami'in yana iya tambayar wa ya biya asibiti, gara ka zama kana da rasit a hannu.

Tambayar da N-400 ke yi a kan tallafi ita ce: ka taɓa yin ƙarya don ka samu? Nan ne mutanenmu ke faɗawa. Mata ta rubuta ba ta da miji alhali yana ɗaki. Magidanci ya ce dala dubu ɗaya yake samu a wata alhali motarsa ba ta kwana. Wanda ya cancanta ya karɓa da gaskiya ba shi da abin tsoro a wannan tambaya.

Yanzu haraji. Ɗalibi mai bizar karatu ta F-1, a shekaru biyar na farko hukumar haraji ta IRS tana ɗaukarsa baƙo ne, ba mazauni ba. Ko bai samu ko dala ɗaya ba, akwai fom 8843 da zai cike duk shekara. Idan ya yi aiki a cikin makaranta, awa 20 ɗin nan a mako da aka yarje masa, ko jami'a tana biyansa a matsayin mai taimaka wa malami, to zai cike fom ɗin harajin baƙi, wato 1040-NR, kafin 15 ga Afrilu. Rangwamen da ake yi wa mazauna, wanda ya sa a shekarar 2024 marar aure da samunsa bai kai dala 14,600 ba bai zama dole ya cike ba, bai shafe ka ba. Mai yiwuwa nan abokinka ya tsinci maganarsa. Nijeriya kuma ba ta da yarjejeniyar harajin samu da Amurka, saboda haka kar ka ga abokin karatunka ɗan Indiya ko ɗan Sin ya samu wani sauƙi ka ce kai ma haka. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku yawanci yana ba da manhajar da aka yi musamman don irinku. Ita za ka yi amfani da ita, ba wadda ake talla a talabijin ba.

Ga abin da nake so ka riƙe: fom ɗin da yake daidai gare ka yau, guba ne gare ka gobe. Ɗalibin da ya cike 1040 na mazauna ya karɓi rangwamen karatu na dala 2,500 ya ci abin da ba nasa ba. Mai girin kad kuma da ya cike 1040-NR ya faɗa wa gwamnati da bakinsa cewa shi ba mazaunin Amurka ba ne, kuma N-400 tana da tambaya a kan wannan kai tsaye. Ana iya ɗaukar hakan a matsayin ya saki katinsa. Masu yawan zama a gida, waɗanda suke zuwa su leƙa su koma, su ne abin ya fi kamawa. Su ne kuma idan suka wuce kwana 180 a waje, ana iya sake auna su a filin jirgi kamar sababbin shiga.

Bari in nuna maka yadda tarkon yake. Watan Fabrairu, ana sanyi, ka shiga wani ɗan shago da aka liƙa wa takarda a gilashi cewa a nan ake cike wa mutum takardar haraji ya samu mayarwar kuɗi mafi tsoka. A ciki akwai kujerun roba, 'yan'uwanmu sun jeru kowa da ambulan ɗinsa. Mai shagon ya karɓi takardar albashinka, ko kallonka bai yi ba, ya ce, "Yara nawa zan sa maka?" Ka ce yaranka suna Kano. Ya ce ba komai, kowa haka yake yi. Ya tambaye ka kana da mata, ka ce e, tana gida nan kusa. Ya ce zai rubuta ka a matsayin mai riƙe da gida shi kaɗai, kuɗin sun fi yawa. Ya buga, ya juyo maka da kwamfuta ka ga dala dubu shida, ya miƙo biro. Idan ka duba ƙasan takardar, wurin da doka ta ce mai cikewa da kuɗi ya sa hannunsa da lambar rajistarsa ta PTIN, babu komai. Sunanka kaɗai ne a kai.

Yaron da ke zaune a Kano ko Maradi, idan ba ɗan ƙasar Amurka ba ne, ba ya shiga takardar harajinka, ko da kai kake ciyar da shi har da kuɗin makaranta. Rangwamen masu ƙaramin samu na EITC yana buƙatar yaron ya zauna da kai a cikin Amurka fiye da rabin shekara. Kuɗin da kake aika wa Inna ladansa yana wurin Allah, amma ba a cire shi daga haraji. Mai aure da ke kwana gida ɗaya da matarsa kuma ba ya rubuta kansa a matsayin gwauro. Ka yi tunanin mutumin da ya zo neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure, yana rantsuwa shekara uku suna tare, ga takardun haraji uku a gaban jami'in suna cewa ba shi da mata. Wanne za a yarda da shi? Ramin ƙarya ƙurarre ne, a ƙasar nan kuwa komai yana cikin kwamfuta. Akwai wani direban tasi da muke salla tare, mutumin kirki, ya ci jarrabawarsa tsaf, sai jami'ar ta lissafa yaran da ya rubuta a N-400 ta ga ba su ne na takardar haraji ba. Ta ba shi takarda ya kawo bayanan harajinsa na shekara biyar. Sai da ya gyara su duka, ya mayar da kuɗin da ya karɓa har da ruwa da tara, ya sake jira. Ya ce min abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mai shagon ya riga ya rufe ya ƙara gaba.

Kar ka ɗauka abin yana tsayawa a kan jinkiri. A 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Kawashima, wasu ma'aurata 'yan Japan masu gidan abinci a Kalifoniya, da suka daɗe da girin kad. Kotun ta ce laifin miƙa takardar harajin ƙarya da ya jawo wa gwamnati asarar fiye da dala 10,000 yana cikin manyan laifukan da ake korar mutum a kansu. Wanda aka same shi da irin wannan laifi, ƙofar zama ɗan ƙasa ta rufe masa ke nan.

Bashin haraji kuwa daban yake da ƙarya. Fom ɗin N-400 yana tambaya ko ana bin ka harajin da lokacinsa ya wuce, na tarayya ko na jiha ko na gari. Idan ana bin ka, ka ce e, ka je da takardar yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan da IRS, da shaidar kana biya duk wata. Idan akwai shekarar da aka cike maka ba daidai ba, ana gyarawa da fom 1040-X, kuma gara ka gyara da kanka kafin a gano. Idan akwai shekarar da samunka bai kai a cike ba, wannan ba laifi ba ne, amma ni shawarata ka cike duk da haka, don shaida ce cewa kana nan kana zaune. A watan Agustan 2025 USCIS ta umarci jami'anta su riƙa duba rayuwar mai nema gaba ɗayanta wajen auna hali, har da riƙon aiki na halal da biyan haraji. Takarda mai tsafta ta ƙara daraja ke nan.

Wani abu da zai zo maka da wuri, tun watanninka na farko: za a ce ka ɗan yi tuƙin Uber ko kai abinci na DoorDash da asusun wani, ko ka tsaya a shago a biya ka a hannu. Bizarka ba ta yarda ba. Aikin da ba izini yana karya matsayinka na ɗalibi, kuma tambayar za ta dawo a ƙofar girin kad. Ka jira CPT da OPT, wato izinin aiki da ake ba ɗalibi a fannin karatunsa, su ne hanyarka. In Allah ya kai ka ga katin, ka fara aikin kanka, ka tuna ribar dala 400 kacal ta isa ta wajabta maka cikewa, kuma mai girin kad yana bayyana samunsa na duk duniya, har kuɗin hayar gidan da ya gada a Fagge. Asusun bankunanka na gida ma, idan jimillarsu ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne, akwai rahoton da ake kaiwa.

Kafin ka taso, ka sayi jakar takardu ɗaya mai kyau. Duk I-20 da za a ba ka, wato takardar da jami'a ke bayarwa don neman bizar karatu, duk takardar albashi ta W-2, duk fom ɗin haraji da ka sa wa hannu, ka ajiye kwafi a ciki, ka kuma ɗauki hotonsu. Kar ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba, ko da ɗan garinku ne ya cike. Idan ka zama mazauni kuma samunka bai yi yawa ba, akwai shirin VITA da ake cike wa mutane kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa, masu aikin kuma IRS ce ta tantance su.

Ka turo min hoton I-20 ɗinka in ga adadin kuɗin da suka rubuta da abin da suka ce game da inshorar iyali, sai mu yi lissafin ko amarya za ta biyo ka a shekarar farko ko ta ɗan jira. Ka gaishe min da Inna da su Baba Ƙarami, ka ce ina neman addu'a.

Yayanka.